Babur Bebe da Bijimin da Aka Ɗora wa Laifi

Ban iya babur ba lokacin da nawa ya iso, kuma ban gaya wa kowa haka ba. Da wannan zan fara, domin daga nan komai ya taso.

Shekarun da ya kamata in koya, wato ina saurayi, su ne shekarun da aka hana hawa babur a garinmu saboda rashin zaman lafiya. Mu da muka tasa a lokacin ƙafa muka sani, sai keke, sai napep. Da aka sake bari, wasu sa'o'ina suka koma suka koya. Ni kuwa na ji nauyin a ga magidanci da gemunsa yana faɗuwa a filin makaranta. Na ci gaba da bin napep daga unguwarmu zuwa shagon maganin dabbobi da nake jira a bakin Kasuwar Shanu. Da mai ya yi tsada, har masu napep suka daina shiga lungunmu sai da roƙo, yayana da ke Kano ya ɗoro mini babur mai caji a bayan wata motar kaya. Ɗan ƙarami ne, baƙi, mai faffaɗan wurin sa ƙafa. Ba shi da giya, ba shi da salansa, ba ya shan mai.

Ranar da ya iso yayan nawa ya kira ni a waya ya ja mini kunne a kan abu uku. Kada in shiga ruwa mai zurfi da shi. Kada in bar batir ya ƙare ƙarƙaf. Na ukun kuma, wanda ya maimaita har sau biyu, duk lokacin da zan sauka in kashe makulli kafin ƙafata ta taɓa ƙasa, domin abin ba ya ƙara, a kunne yake amma sai ka ɗauka a kashe yake. Ina ta cewa na sani, na sani, alhali hannuna yana kan kujerar ina shafa ledar da ba a ɓare ba tukuna. Maganarsa ta shiga ta nan ta fita ta can.

Na koya a ɓoye, bayan sallar asuba, a wani fili da ke bayan unguwarmu. Sauƙinsa ne ya yaudare ni. Ka murɗa makulli, ka murɗa totur da hannun dama, shi ke nan ka tafi. Cikin kwana uku na ɗauki kaina gwani. Mutanen unguwa suka sa masa suna Bebe, saboda yana wucewa ba ka jin komai sai ɗan sautin taya a kan yashi. Caji kuma a shago nake yi, a jikin solar da ke riƙe da firijin alluran rigakafi, mai shagon ya yarda mini muddin rana ta buɗe sosai.

Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin makonni biyun farko irin daɗin da ban taɓa ji ba. Na daina tsayuwa a bakin titi ina ɗaga hannu. Ina isa shago kafin a buɗe na kusa da mu. Bayan la'asar kuma, idan na rufe, sai in miƙe hanyar Gadaka ba don komai ba. Ƙarshen damina ne, gero ya yi kai, wake ya rufe ƙasa. Ina tafiya ina jin kukan tsuntsaye da hirar masu dawowa daga gona, abin da mai babur ɗin fetur ba ya ji. Sau ɗaya na ɗauki matata. Ta riƙe rigata tana dariya, ta ce ita dai ji take kamar aljani ne ya goya ta.

A cikin daɗin nan na koyi wata muguwar ɗabi'a. Sai in lallaɓo bayan mutum har in kusa taɓa shi, sannan in danna hon. Na yi wa mai shayin bakin shagonmu, ya watsa ruwan zafi a ƙafarsa. Na yi wa wata mai tallar nono, ƙwaryarta ta kusa kifewa, ta bi ni da baƙaƙen maganganu da Fillanci ina dariya. Da labarin ya kai ga matata ta ce in daina, ta ce wata rana zan yi wa wanda zuciyarsa ba za ta ɗauka ba. Na ce mata wasa ne.

Surukina, mahaifin matata, Bafillatani ne da ya shigo gari bayan garkensa ya ƙare, ya zama dillali a karar shanu. Dogo ne siriri, ba ya yawan magana. Abin da aka san shi da shi a duk kasuwar shi ne dabba ba ta taɓa ji masa ciwo ba. Bijimin da ƙarti huɗu suka kasa riƙewa, shi zai shiga gabansa da 'yar sandarsa, ya yi wani sauti da harshe, sai ka ga ya sauke kai. Saboda haka makiyaya daga daji suke kawo masa shanunsu su tafi sha'aninsu, ba sa waiwaye. Wannan sunan shi ne abin da ya rage masa bayan garken.

Tsakanina da shi akwai kunya irin tasu, wadda ta fi tamu ta 'yan gari ƙarfi. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba. Bai taɓa kiran sunana ba, idan ta kama dole sai ya ce Bakano, don iyayena daga Kano suka zo. Ni kuma Baffa nake ce masa kamar yadda 'yarsa take faɗa. Lokacin neman aurena ƙannensa ba su so ba, sun fi son ta zauna a cikin dangi. Shi kaɗai ya tsaya ya ce yarinya ta faɗi wanda take so, magana ta ƙare. Har yau ƙannen nan amsa gaisuwata kawai suke yi.

A wurinmu ba ka wuce surukinka kana bisa abin hawa. Tun daga nesa za ka sauka, ka turo shi da hannu, idan ka iso ka zame takalmi ka durƙusa ka gaishe shi. Mai keke haka yake yi. Mai babur ɗin fetur ma haka, kuma shi ba sai an tuna masa ya kashe inji ba, ƙarar da kanta rashin ladabi ce, kunnensa zai gaya masa. Nawa ba shi da ƙarar da za ta tuna mini.

Wata Laraba ce, ranar kasuwa, bayan azahar kaɗan. Mai shago ya aike ni da kwalaben maganin tsutsa wurin wani mai lodin shanu a can bayan kara. Na bi ta wata 'yar hanya tsakanin katanga da inda ake zuba taki, don in kauce wa cunkoso. Ina shan kwana na hango Baffa shi kaɗai, tsaye kusa da wani jan bijimi da aka ɗaure a turke. Daga baya na ji cewa mai bijimin ya tafi salla, kuma ana jiran wani manomi daga Gadaka da ke neman san huɗa. Baffa bai gan ni ba, bai kuma ji ni ba. Da na so, da na juya na bi wata hanya. Amma gaskiya ina so ya ga babur ɗin. Ina so ya ga cewa wanda ya ba 'yarsa ya fara zama wani abu.

Na sauka daga nesa kamar yadda ya dace. Na turo shi da hannu biyu. Makulli yana kunne. Da na iso gabansa na zame takalmi, na saki hannun hagu, na tafi ƙasa zan durƙusa. Hannuna na dama yana kan totur. Da jikina ya yi ƙasa, hannun ya bi shi ya murɗa.

Babur ɗin ya ƙwace kamar an harba shi. Tayar gaba ta haɗa ƙwaurin Baffa da turken. Na ji sautin, kamar an taka busasshen karan dawa. Bijimin ya zabura ya ja igiya ya koma gefe.

Bai yi ihu ba. Ya zauna a ƙasa a hankali, ya ɗage wandonsa ya duba. Fata ta sale tun daga ƙasan gwiwa, ƙafar kuma ta lanƙwashe a inda ba gaɓa. Babur yana kwance a gefensa, tayar baya tana ta juyawa shiru.

Ya ce, "Kashe shi."

Na kashe.

"Ɗaga abinka ka tafi. Ba ka biyo ta nan ba."

Na ce, "Baffa, bari in..."

"Bakano, ka ji abin da na ce."

Na ɗaga na tafi. Na sha gaya wa kaina cewa biyayya na yi, babba ya ba da umarni na bi. Ƙarya ce. Da na sha kwanar katangar nan, abin da na fara ji a ƙirjina sauƙi ne. Na kai maganin, na gaisa da mai lodi, har na tsaya ya tambaye ni yadda ake cajin babur na yi masa bayani. Na koma shago na zauna. Can sai ga wani mahauci da ya san mu ya zo da sauri, ya ce in taso, bijimi ya harbi surukina ya karya shi. Na miƙe na yi salati da ƙarfi, na dafe kai, kamar yanzu na fara ji.

Baffa ya ƙi a kai shi asibiti, ya ce a kira mai ɗori. A zauren gidansa aka yi, ni aka ba kararen da za a ɗaure ƙafar da su in riƙe. Mai ɗorin tsoho ne, ya shafa ƙafar sama da ƙasa, ya daɗe yana duban salewar. Sai ya ce a hankali shi dai bai taɓa ganin kofato ya yi doguwar shaida haka ba. Baffa ya dube shi ya tambaye shi shekara nawa ya yi yana kiwo. Mai ɗori ya miƙo hannu na ba shi karare. Da aka ja ƙafar, zufa ce kawai ta karyo wa Baffa. Ni ne na kasa kallo, har aka ce in fita in sha iska, ana cewa tausayi ya yi mini yawa.

Manomin Gadaka da ya ji labari ya ce shi ba zai kai mai harbi gonarsa ba. Babu wanda ya sake taya bijimin sai mahauta. Kafin azahar ta Alhamis an yanka shi. Mai shi ya zo gida ya tsuguna a gaban Baffa yana ba da haƙuri, ya rantse tun yana ɗan maraƙi yake hannunsa, bai taɓa ɗaga wa kowa ƙafa ba, har mata suna shiga ƙarƙashinsa su share turke. Baffa ya ce masa dabba ce, ba ta da alkawari. Ina zaune a bakin tabarma ina kallon ƙasa.

Baffa yana da wani amini Babarbare, mai sayar da kanwa a kasuwa, tun suna samari suke tare. Tsakanin Fulani da Barebari akwai wasa, kowa ya sani, amma nasu ya fi na kowa zafi. Kullum da hantsi zai zo, tun daga ƙofa yake farawa.

"Ina bawan nawa? Shekara da shekaru kana cika mana kunne wai shanu 'yan uwanka ne. Ashe ɗan uwan ya gaji da kai."

Baffa ya ce, "Ka shigo da hankali, akwai akuya a ɗaure a nan. Kada ta yi atishawa a neme ka a rasa."

"Ni ai na san matsayina, shi ya sa ƙafafuna biyu suke nan. Ka dawo wurina in koya maka awon kanwa, ita ba ta harbi."

Masu dubiya suna ta dariya. Ni ma ina yi.

Ƙashin ya haɗe a karkace, ciwon saman kuma ya ƙi rufewa. Wata ɗaya, wata biyu, ya fara ruwa yana wari. Da ƙyar aka lallashe shi aka kai shi asibiti. A can aka gano yana da ciwon suga, wanda shi kansa bai san da shi ba. Suka ba da magani, suka ce idan bai yi sauƙi ba sai an cire ƙafar. Ya ce da ƙafa biyu ya zo duniya, a mayar da shi gida.

Makiyayan da ke kawo masa shanu suka jira shi Laraba uku, huɗu, sannan suka koma wurin wasu. Ba laifinsu ba ne. Abin da ya fi ciwo shi ne maganar da ta fara yawo a kara, cewa dama tsufa ya kama shi, idonsa ya daina karanta dabba, shi ya sa ya tsaya inda bai kamata ba. A gaban shagonmu na ji wasu matasan dillalai suna faɗa. Ɗaya ma ya ce dama can yabon ya fi ƙarfin gwanintar. Ina tsaye ina ɗaure musu magani a leda. Kalma biyar ta isa in wanke shi. Na miƙa musu ledar na ce Allah ya ba da sa'a.

Duk tsawon watannin nan ni nake kai masa abinci. Matata takan dama kunu marar suga ta zuba a fulas, ta yi miyar ganye, in rataya a ƙugiyar gaban Bebe in kai da safe kafin shago, in sake kaiwa da yamma. Surukata tana sa mini albarka, tana sa wa babur ɗin ma, ta ce Allah ne ya kawo shi a daidai lokacin da za a bukace shi. Har ƙannen Baffa suka fara sakin fuska. Ɗayansu ya ce a gaban mutane ashe yayansu ya fi su hangen nesa. Nakan tsaya tun daga bakin layi in kashe makulli, in zare shi in sa a aljihu, in taɓa aljihun sau biyu sau uku, sannan in turo. Abin da ban yi ba rana ɗaya, na yi shi sau ɗari bayan ba shi da amfani.

Matata kuwa ta daina cin naman shanu. Ko ƙamshin tsire ta ji sai ta kau da kai. Ta ce da nonon dabbobin nan aka raine ta, mahaifinta ya ba su ƙuruciyarsa duka, ga sakayyar da ɗayansu ya yi masa. Idan ta dawo daga wanke masa ciwo takan zauna ta yi ta tsine wa jan bijimin da ba ta taɓa gani ba. Ni kuma in ce ta yi haƙuri, ƙaddara ce.

Sau uku na yi kamar zan yi magana da Baffa. Na farko na ce, Baffa, game da ranar nan, sai ya tambaye ni ko an yi ruwa ta wajen Fika. Na biyu ya ce in miƙo masa buta. Na uku ya rufe ido kamar barci ya ɗauke shi. Na riƙe wannan a matsayin hujja, ina cewa shi ne ba ya so. Amma na san yadda nake zaɓen lokacin. Sai na ji motsin surukata tana tahowa, ko na ji muryar Babarbaren a waje, sannan nake buɗe baki. Kuma ko sau ɗaya ban ce ka yafe mini ba. Wannan ba ya bukatar dogon bayani, kafin ya nemi buta da na gama faɗa.

A wata na bakwai jikin ya rikice. Ya daina cin abinci, ƙafar ta yi baƙi har gwiwa. Wata Alhamis da safe matata, wadda ta kwana biyu a can tana jinya, ta dawo ɗaukar kaya. Ta ce Baffa ya ce in je da hantsi, ni kaɗai, yana da magana da ni. Ita kanta abin ya ba ta mamaki, don tunda aka yi aurenmu bai taɓa aiko a kira ni ba.

Na ce a raina zai faɗa ne, ya ga mutuwa ta matso ba ya so ya tafi da ƙarya a bakinsa, zai tara ƙannensa ya ce ga abin da ya faru. Sai na ji bakina yana cewa akwai wani makiyayi a hanyar Gadaka da shanunsa ke mutuwa, mai shago ya ce lallai in kai masa allura da sassafe, amma ina dawowa zan wuce can kai tsaye. Babu wani makiyayi. Ta ce to in yi sauri.

Na hau Bebe na miƙe hanya. Ranar Laraba an wuni da hadari, ban samu caji sosai ba, na kuma sani. Na kashe wayata. Na wuce inda na saba juyawa, na wuce wasu ƙauyuka biyu, na ci gaba. A gindin wata tsamiya na tsaya na zauna. Ban yi tunanin komai mai amfani ba. Ina ta lissafin cewa idan na kai azahar zai gaji ya yi barci, gobe kuma wataƙila ya manta.

Da rana ta take na ji tsoron abin da nake yi ya fi tsoron maganar. Na tashi na juya. Ban yi nisa ba alamar batir ta faɗo, babur ya koma tafiya kamar mai ciwon ƙafa, sannan ya tsaya. Da na fetur ne, da kowane ƙauye zan sami mai sayar da fetur a kwalba a bakin hanya. Wannan kuwa babu wanda zai iya taimakona da komai. Masu wucewa suna tsayawa su tambaya ko mai ne ya ƙare, in ce caji ne, su girgiza kai su wuce. Na tura shi a ƙafa, da nauyinsa kamar an loda masa duwatsu, har tafin ƙafata ya yi bororo. Na kunna waya na ga kiran matata jere, na kasa kira. Sai bayan azahar sosai wata motar buhunan wake ta yarda ta ɗora mu.

A bakin titi suka sauke ni. Na turo shi cikin layin su Baffa da hannu biyu, kamar kullum. Tun daga nesa na ga tabarmi a waje, da mutane suna wanke ƙafa. Daga maƙabarta suke. Baffa ya cika kafin azahar, an yi masa sutura, an kai shi. Aka yi ta riƙe hannuna ana cewa sannu, an san da ina gari da ni ne a gaba. Wani ya ce aikin taimako ne ya tsare ni, Allah ya gani.

Ranar sadakar uku Babarbaren ya ce in raka shi bakin layi. Muka taka har muka zo inda nake kashe makulli. Ya tsaya ya ce ya san mutumin nan tun ba su da gemu, bai taɓa ganin ya tsaya a bayan dabba inda ƙafa za ta same shi ba, ko da a cikin barci ne. Ya ce tun ranar farko ya san ba bijimi ba ne, da ya ga yadda nake zare makulli kuma ya san sauran. Tsokanar da yake yi kullum, ya ce, da ya fasa ta rana ɗaya da mutane sun fara tambaya.

Na tambaye shi ko Baffa ya faɗi abin da yake so ya gaya mini. Ya ce bai faɗa ba. Na tambaye shi ko ya ce ya yafe.

"Ni bai gaya mini ba. Kai yake jira. Sau biyu yana cewa a leƙa waje. Ya ce abin hawan nasa ba ya ƙara, wataƙila ya zo yana tsaye a ƙofa, kunya ta hana shi shigowa."

Ya ce shi da kansa ya leƙa, duka biyun.

Na riƙe wannan har aka yi arba'in. Ba na iya cin abinci sosai, matata tana cewa rashin Baffa ne, tana lallashina, ita da aka yi wa mutuwar. Wata ranar Asabar bayan la'asar tana zaune a tsakar gida tana tsince wake a faranti, na zauna a kan turmi na faɗa mata duka, tun daga bayan katanga har gindin tsamiya. Ban rage komai ba. Hannunta bai tsaya ba sai da na zo wurin makiyayin da babu shi. A nan ta ajiye farantin.

Sannan ta ce, "Ni na ce maka ka yi sauri. Na koma na ce masa kana hanya."

Na ce ta yi mini duk abin da ta ga dama, ta gaya wa mahaifiyarta da baffanninta, na yarda.

"In gaya musu me? Shi ya ba da ƙafarsa da sunansa don kada su sani. Ni ce zan je in zubar?" Ta ɗauki farantin. "Da ka bar ni da bijimin. Shi na iya tsine masa."

Ba ta tafi ba, ba ta kuma gaya wa kowa ba. Tana dafa abinci, tana amsa gaisuwata, idan mahaifiyarta ta zo tana yabona sai ta ce haka ne, Inna. Amma ba ta ƙara kallon fuskata idan muna magana ba. Na nemi gafararta da kalmomin da na kasa faɗa wa mahaifinta. Ta ce nata mai sauƙi ne, za ta yi ƙoƙari, amma na mahaifin nata ba a hannunta yake ba.

Na koma bin napep. Bebe yana zaure, na rufe shi da tsohon buhu, ban sake yi masa caji ba tun ranar. Na so in sayar, surukata ta ji ta aiko cewa kada in kuskura, abin da ya yi wa malam hidima wata bakwai ba a rabuwa da shi. Don haka yana nan, ina wuce shi sau biyu a rana.

A kara har yanzu idan sabon yaron dillali ya matsa kusa da ƙafar baya, sai ka ji an ce ya yi hankali, wane ma da ya fi kowa sani bijimi ne ya kai shi kabari. Shagonmu yana kusa, ina ji. Ran nan na buɗe baki, sai na tuna abin da matata ta ce a kan zubarwa, na rufe. Ban sani ba ko don Baffa na yi shiru ko don kaina, kuma wanda zai iya gaya mini abin da ya kamata in yi ya aiko a kira ni sau ɗaya, na tafi hanyar Gadaka.